Kan Sarki Mai Shanu

Ranar da na je Gaya neman takin zamani na tarar ana rushe ɗakin da ya taɓa zama gidan wayarmu. Na dogara da sandata ina kallo har mai babur ɗin da ya kawo ni ya gaji ya fara danna oda. Ba wani gini ne na a zo a gani ba, ɗaki ɗaya ne na ƙasa mai rufin kwano, da taga mai sandunan ƙarfe, da jan akwati a jikin bango. Na tambayi masu aikin ina akwatin, suka ce ai 'yan gwangwan sun daɗe da yin gaba da shi, yanzu shagunan cajin waya za a gina. Ban ga laifin kowa ba, don an yi shekaru ba wanda ya jefa wasiƙa a ciki. Amma tun daga ranar zuciyata ke komawa can, har na ga gara in rubuta abin da ya faru da ni a ɗakin nan tun ina da sauran idon gani.

Ƙauyenmu yana gefen Toranke, ta ƙasar Ajingi. A zamanin da nake magana ba agogo ke tashinmu ba, luguden mata ne da kukan guga a bakin rijiya. Kafin rana ta yi zafi na kai wa tumaki harawa, na share turke, na ɗauko fartanya. Idan ranar kasuwa ta zo kuma Innarmu tana da saƙo, sai in ari keken maƙwabcinmu in kama hanyar Gaya, rabi tuƙi rabi turi saboda rairayi. Tun daga nesa kake sanin gidan waya a buɗe yake, don za ka ji bugun hatimi, dum a kan tawada, dum a kan ambulan, ba ya sauri ba ya jinkiri. Yaran yanzu saƙonsu ba shi da sauti sai ɗan ƙiris a aljihu, kuma kafin ka gama alwala ya je Makka ya dawo. Namu sai ya yi wata yana tafiya, in ya iso kuma unguwa duka ta san ya iso.

Mai wannan hatimi wani dogon mutum ne siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Kowa Malam Akawu yake ce masa. Mutumin kirki ne, amma a ganinmu yana da ɗan taɓi, domin duk wanda ya karɓi wasiƙa sai ya ce, "Don Allah in ka gama karantawa, ka bar mini kan sarkin." Ya tara su a cikin littattafai, yana ɗaukar su da hantsaki kamar mai cire ƙaya. Yana kuma da ɗan gwangwanin man laita a aljihun tebur, alhali ba wanda ya taɓa ganin sa da taba, sai 'yan kasuwa suka yanke cewa a ɓoye yake sha. Ni ma na yi masa dariya iya rabona. In na fito nakan kwaikwayi yadda yake riƙe hantsakin, abokaina su yi ta ƙyaƙyatawa. Allah ya yafe mini, ƙuruciya ce.

Babana ya bi fataken shanu zuwa Fatakwal tun ina ƙarami, ya samu aikin gadi ya zauna. Yakan zo shekara-shekara, daga baya zuwan ya koma wasiƙa. Da ajami yake rubutawa, wani ya sa masa adireshi da boko a bayan ambulan. Ana nan sai wasiƙun ma suka ɗauke. A daminar da suka ɗauke ɗin, ana tsakiyar noman farko, kakana ya kwanta ciwo kwana tara ya rasu. 'Ya'yansa biyu ne kacal, babana da wansa, wanda muke kira Baffa. Ba a raba gado ba, aka ce a jira na kudu ya dawo. Muka ci gaba da noma gonar gindin tsamiya, wadda tun farko babana ke nomawa, ita ce kuma take ciyar da ni da Inna da ƙannena mata biyu.

Damina ta sake zagayowa, sai ga wani mutumin Gafasa ya dawo daga kudu da labarin babana ya rasu. Shi ma bai ga gawa ba, a kasuwar shanu aka gaya masa, aka ce an kwana biyu da yin rasuwar. Wane wata? Bai sani ba. Wace shekara ma bai iya rantsewa ba. Bayan an share makoki Liman ya tara mu ya faɗi hukunci, yana faɗa yana sunkuyar da kai. Ya ce in babana ya riga kakana rasuwa, to bai gaji komai ba, mu kuma jikoki ba mu da rabo tunda Baffa yana raye. In kuwa ya rayu bayan tsoho ko da yini guda ne, rabin gonaki nasa ne, mu ne magadansa. Amma gado ba ya tabbata a kan shakka, sai an kawo hujja.

Ba zan yi wa Baffa ƙarya ba yana kabarinsa, bai ce mu tashi ba. Cewa ya yi, "Ku yi zamanku, ku noma, 'ya'yana ne ku." Sai dai Inna ta san aro aro ne, kuma Baffa yana da samari biyar da kowannensu ke jiran wurin kafa fartanya. 'Yan'uwanta suka aiko cewa in ba mu da ƙasa a nan, da an cire amfanin gona za su zo su kwashe mu. Ni kuwa a lokacin gemu bai fito ba amma zuciya ta cika ƙirji, na daina gaida Baffa sai da ka. Ina ganin sa ya wuce in tsuke baki, a raina ina cewa ga wanda ya cinye gonar marayu.

Ana cikin haka sai ga wasiƙa. Wani ɗan kasuwar Ajingi mazaunin Kano ne ya kawo ta, yana ta ba da haƙuri. Da adireshin shagonsa aka aiko ta yana wajen fatauci, aka jefa ta cikin wani kwali, sai yanzu da ɗigar rufi ta sa aka kwashe kaya ya gan ta. Bai san yaushe ta zo ba. Ruwa ya wanke hatimin da ke kanta, sai wani shuɗin tabo. Liman ya buɗe ya karanta, rubutun babana ne ba shakka, kuma kamar yadda ya saba bai sa kwanan wata ba. Ya gaida Inna, ya ce in riƙe karatu, ya ce yana fama da ɗan tari amma da sauƙi. Daga ƙarshe ya ce, "A gaida Baba da kyau, a ce masa ya rage shiga gona da tsakar rana." Baffa ya share ido ya ce, "To kun ji. Baba yana raye ya rubuta ta, daga ita kuwa ba a ƙara jin sa ba." Duk wanda ke wurin ya gyaɗa kai.

Duk da haka ranar kasuwa na ɗauki ambulan ɗin na kai wa Malam Akawu, na ba shi labari, ko idonsa na ma'aikaci zai tsinto wani abu a hatimin. Ya sa madubinsa mai ƙara girma, ya juya nan ya juya can, ya ce babu, ruwa ya gama da shi. Har na miƙa hannu zan karɓa sai na ga ya tsura wa kan sarkin ido. Na kwabo biyar ne, mai hoton shanu, irin wanda kowa ke liƙawa a lokacin. Na ce a raina, ka ji mutumin, ina cikin wannan hali shi kwaɗayin takardarsa yake yi.

"Yaro, yaushe ka ce tsohon ya rasu?"

Na gaya masa. Ya tashi ya tura ƙyaure, ya ɗauko littafinsa, ya zaro kan sarki biyu da hantsaki, duka masu shanu, ba abin da ya raba su. Ya ce, "Wanne ne babba a cikinsu?" Na ce ai tagwaye ne. Ya yi murmushi ya ce, "A fuska kam."

A nan na fara jin abin da yake kira tambarin ciki. Ya ce tun takarda tana ɗanya ake danna mata shi, wurin ya fi sauran sirantaka, irin wanda kake gani in ka ɗaga takardar kuɗi a rana. Wani kan sarkin in ka ɗaga shi a taga za ka gani, wani sai ka kifa shi a kan baƙin abu ka kalle shi a karkace, wani kuwa launin hoton ya danne shi, sai an jiƙa. Ya jawo wani ƙaramin baƙin akushi, ya ce farantin da masu wannan sana'a ke saye a Legas bai fi shi baƙi ba. Ya kifa kan sarkin biyu a ciki, ya ɗiga musu man laita. Na ɗaya ya yi duhu kawai. A bayan na biyu kuwa sai ga haruffa sun taso, sunan ƙasarmu a jere yana lanƙwasa, kafin in ja numfashi huɗu man ya bushe sun ɓace. Ashe abin da gwangwanin yake yi ke nan, mu muna can muna ɗora wa bawan Allah shan taba.

Ya ce da farko a kan takarda marar tambari ake buga mai shanun, daga baya aka koma mai tambari. Ya nuna mini takardar sanarwa da ake aiko wa masu tara kan sarki, ya lissafa da yatsu, ya ce mai tambarin bai fito ko'ina a ƙasar nan ba sai bayan an ɗaure gero a shekarar da kakana ya rasu. Na ce to mu cire mu gani yanzu. Ya riƙe hannuna. "A'a. In muka cire mu kaɗai, gobe za a ce mun sauya. Je ka zo da Baffanka da Liman. Kuma kada ka taɓa shi, ka ji ko? Sauri ya haifi nawa."

Na ji, amma ji na kunne. Da na koma gida na kasa zama, na ce bari in gwada hannuna a kan wata tsohuwar wasiƙa don in ƙware. Wasiƙun babana uku ne suka rage wa Inna, har da wannan ta ƙarshe, tana ajiye su a cikin kwalla. Na saci ɗaya ina ganin ta tafi rijiya. Man laita ba mu da shi, amma ga kananzir a kwalba, a wautata mai ai mai ne. Ban cire kan sarkin ba, ban ma zare wasiƙar daga ambulan ba, na kifa na tsiyaya. Kananzir ya bi takarda ya ratsa har ciki, maiƙo ya kama ta, da na sa tsumma ina gogewa sai rubutun ya dame ya zama baƙin tabo. Ina tsugune ina hura mata iska Inna ta shigo da tulu a ka. Ta sauke, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Na so ta mare ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, "Saura biyu," ta shige ɗaki. Na sha duka a rayuwata ba adadi, amma ba wanda ya shige ni kamar kalmomin nan biyu.

Da safe ita da kanta ta miƙo mini ta ƙarshen, ta ce, "Ka kai musu. Amma ko yankan farce suka yanka, ka dawo mini da shi." Liman ne ya shawo kan Baffa, don da farko cewa ya yi shi ba zai bar aiki ya je kallon wasan Akawu ba. Liman ya ce, "Malam, gani ya kori ji. In babu komai ka huta da zargin yaron nan, in akwai kuma ka huta da tambayar gobe kiyama." Muka tafi mu uku, Baffa a gaba.

Malam Akawu ya shimfiɗa musu tabarma, ya fara da maganar da har yau nake ganin girmansa a kanta. Ya ce, "Ku ji kafin in taɓa. In ba a ga komai ba, hakan bai nuna uban yaron nan ya riga tsoho rasuwa ba, don tsohon bugu yana nan a hannun mutane. In kuwa aka gani, to magana ta ƙare." Ya nuna wa Liman takardar sanarwar, ya gwada musu da nasa guda biyu. Sannan ya ba Baffa almakashi ya ce shi zai yanke kusurwar ambulan da hannunsa. Aka sa yankin a ruwa mai ɗumi a cikin kofi, muka zuba ido. A waje kasuwa na ci, ana ta cinikin gyaɗa, wani ya ƙwanƙwasa taga yana neman wasiƙa aka ce ya dawo. Can sai kan sarkin ya saki takardar ya taso. Malam Akawu ya ɗauke shi da hantsaki, ya danne shi tsakanin shafuka har ya bushe, ni kuwa ji nake kamar shekara ake yi. Ya ce kada kowa ya ƙyasta ashana. Ya kifa shi a akushi, ya ce Bismillahi, ya ɗiga.

Suka taso. Harafi bayan harafi, sarai, har gefe.

Liman ya yi kabbara a hankali. Ni kuwa na zauna a ƙasa. Baffa bai iya boko ba, amma ya ga abin da ya gani. Ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a ƙara, aka ƙara, yana durƙushe hancinsa kusa da akushin har tambarin ya ɓace a karo na uku. Na zaci zai ce sihiri ne, ko ya ce a kudu an riga mu samun sa, na ma shirya amsar rashin kunya. Sai na ji ya tambaya da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Akawu, wata nawa ke nan tsakani?"

"Ko an matse, huɗu."

"Wata huɗu," in ji Baffa. "Wato yana can yana tari, yana gaida mamaci." Ya juya ya dubi Liman. "Ni aka ce in rubuta masa. Na ce sai an gama noma, da aka gama na ce sai an yi girbi. Ɗan'uwana ya mutu yana zaton yana da uba." Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba, kuma a nan ƙiyayyar da na yi wata da watanni ina kiwo ta mutu, na ji kunyar kaina ta kama ni.

Nakan ji tsofaffi irina suna zagin wayar hannu, su ce ta lalata zumunci. Ni ba na cikinsu. Yau in aka yi rasuwa kafin a gama haƙa kabari na Fatakwal ya ji, ba wanda zai ƙara yin wata huɗu yana aiko wa mamaci gaisuwa, wannan kuwa ni'ima ce. Abin da nake kewa shi ne irin mutanen. Mutumin da zai zauna shekara da shekaru yana kula da ƙaramin abin da kowa ya raina, ana yi masa dariya bai fasa ba, har ranar da abincin gida guda zai rataya a kansa. Malam Akawu bai karɓi ko goro ba. Kan sarkin ma da na san ransa yana so, ya naɗe shi da yankin ambulan ɗin a farar takarda ya ce in kai wa Inna, nata ne. Da aka yi masa canjin wurin aiki ban sami labari ba sai bayan ya tafi, ban yi masa godiyar da ta kamata ba, wannan yana cikin abubuwan da ke damuna har gobe.

Bayan girbi aka fita rabo. Liman da dattawan gari suka ja igiya, gonar tsamiya ta faɗo a ɓangarenmu, kamar yadda ake cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. 'Yan'uwan Inna da suka zo da niyyar kwashe mu sai suka zama shaidu. Inda igiya ta tsaya aka kafa turke, aka ce a dasa gamba ta zama iyaka tsakaninmu da Baffa. Shi ya karɓi fartanya ya ce shi zai dasa. Sai na ga ya tuge turken, ya taka cikin nasa ɓangaren, ya ƙirga kunya ɗaya, biyu, uku, ya kafa a can. Babban ɗansa ya buɗe baki, Baffa ya dube shi sau ɗaya ya rufe.

Na matsa na ce, "Baffa, ai nan igiya ta tsaya."

"Na san inda ta tsaya," in ji shi, bai ɗago ba yana haƙa. "Wancan rabon ubanka ne. Wannan kuwa na wasiƙar da ban rubuta masa ba ne."

Har yau ina noma kunyoyin nan uku, kuma geronsu bai taɓa shiga rumbuna ba. Daban nake ɗaure shi, a sussuke a kai ƙofar masallaci, don ladan sadakar ya isa ga Baffa da babana, wa da ƙani. Allah ya haskaka kabarinsu, ya haɗa su inda ba sai an aika ba.